Yadda na canza tayarod ɗin motata a ƙofar gida

Sanduna biyu ne na ƙarfe, kaurin kowace bai kai santimita 2 ba, su ke kai umarnin sitiyari ga tayoyin gaba a mota irin tawa. Su ake kira tayarod. Idan direba ya murɗa sitiyari, wani ɗan ƙarfe mai haƙora ne yake tura doguwar sandar da ke kwance a bayan inji, wato rak, zuwa hagu ko dama. Rak ya tura tayarod, tayarod kuma ya tura nokul, ƙarfen nan da taya ke ɗaure a jikinsa. Kowane tayarod kashi biyu ne, na ciki da na waje, kuma kowane kashi da gaɓarsa: ƙwallon ƙarfe zaune a kwarminsa cikin giris, an lulluɓe shi da roba, kamar dai gaɓar kafaɗar mutum. Muddin robar na da lafiya, gaɓar tana daɗewa. Ranar da ta tsage, giris ya fita, ƙurar hunturu da ruwan damina su samu hanya, shi ke nan ƙwallo ya fara cin kwarminsa.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, mai inji 1.8, cikin waɗanda aka shigo da su daga Amurka. Ciwon nata a hankali ya zo. Da farko wata 'yar ƙara ce ƙwal-ƙwal daga ɓangaren direba idan na hau gargada ko na sauka daga kwalta zuwa layinmu. Daga baya sitiyarin ya fara wasa: in ɗan murɗa shi, tayoyi ba su amsa nan take ba. A hanyar Zariya kuwa, da na ɗan taka, sai motar ta riƙa yawo a layinta, kullum hannuna na gyara mata zama. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da na shafa tayar gaba ta hagu na ji gefenta na ciki ya cinye, idan na shafo ta wannan gefen santsi, idan na koma ta wancan kaifi-kaifi. Tayar da ba ta shekara ba.

Na kai ta wani gareji. Ba a ɗaga motar ba, aka dai murɗa sitiyari sau kaɗan aka ce rak ne, a sayo ɗan Beljiyam gaba ɗaya. Kuɗin da aka faɗa ya yi min nauyi, kuma raina bai kwanta da hukuncin da aka yanke ba tare da an leƙa ƙarƙashin mota ba. Rak yana lalacewa, ba na musu, amma yana da alamunsa, kuma dubawa ba ta cin ko sisi. Na dawo gida na kira ƙanena.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Na ɗaga gaban motar har taya ta bar ƙasa, na kama ta da hannu biyu, ɗaya ta gabanta ɗaya ta bayanta, na girgiza kamar mai son juya ta hagu da dama. Ta hagu ta amsa da ƙas-ƙas. Na sake kama ta sama da ƙasa na girgiza, shiru. Wannan ya nuna min boljoyin na ƙasa, wato gaɓar da ke riƙe nokul ta ƙasa, da boris ɗin da tayar ke juyawa a kai lafiyarsu lau, domin wasansu ta sama da ƙasa yake fitowa. Idan da an samu wasa ta nan, sai wani ya taka birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace, boris ne, in yana nan, boljoyin ne. Sai na sa ƙanena ya ci gaba da girgiza tayar, ni kuma na kwanta na ɗora tafin hannu a kan gaɓar waje. Na ji ƙwallon yana motsi a gidansa, robarsa ma ta yage, ƙasa ta dunƙule da ragowar giris ta zama baƙin laka. Na kai hannu ciki na matse doguwar robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ta rufe bakin rak, na laluba gaɓar ciki, nan ma na ji tana bugawa a ƙarƙashin yatsuna. Ɓangaren dama gaɓar waje ce kawai ta fara sakewa.

Saura rak ɗin kansa. Wannan Corolla da mai sitiyarinta ke aiki, irin man giyar nan ja, Dexron. Idan abin da ke tare man a cikin rak ya mutu, man yakan taru a cikin doguwar robar, ka matse ta ka ji ta cike, ko ka gan ta jiƙe sharkaf. Nawa a bushe suke duka biyun, man da ke tulunsa a ƙarƙashin bonet bai ragu ba, sitiyarin kuma ba ya yin nauyi ko cijewa a wani wuri. Babu dalilin taɓa rak.

Akwai wani dattijo a layinmu, ya yi shekaru yana gyaran Fijo kafin gwiwa ta zaunar da shi. Na je na gaishe shi bayan La'asar na faɗa masa abin da na gani da abin da nake shirin yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, aikin ba wuya. Amma abu biyu: kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jek kaɗai, kuma kada ka kwance komai sai ka auna shi." Na ce, "Baba, in na canza na hagu kawai fa?" Ya girgiza kai ya ce tare suka tsufa, hanya ɗaya suka bi, kuma tunda dole a yi alaimen, wato saita tayoyi da na'ura, bayan aikin, gara a biya kuɗinsa sau ɗaya. Ya ara min sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ɗaurin da aka saita mata.

Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano na nufa. A nan ne na fi ɓata lokaci, domin kayan iri-iri ne kuma kwali ba ya faɗin gaskiyar abin da ke cikinsa. Wani mai shago ya nuna min na Beljiyam, ya ce ƙarfen asali ne, ya fi sababbin yanzu. Game da ƙofa ko fitila ko ma inji, ina iya yarda da shi. Amma gaɓar da aikinta ke nan ta goge har ta ƙare, ban ga hikimar sayen wadda ta riga ta yi tafiyar da ba wanda ya san tsawonta ba, robarta kuma ta sha rana a tsakar kasuwa. Na nemi sabo na kamfanin 555 na Japan. Sunan ya yi ƙarfi a kasuwa har masu jabu sun bi shi, don haka na sa aka buɗe kwalin a gabana. Sabuwar gaɓa mai kyau tauri gare ta, da ƙyar ake karkata ƙusarta da hannu, kuma ba ta da tsalle ko kaɗan. Na duba robar ko tana da laushi da kauri, na duba haƙoran da noti ke hawa ko an yanka su tsaf. Wanda aka fara miƙo min ƙusarsa na lilo kamar ta yi shekara tana aiki, na mayar. Na waje a Corolla hagu daban dama daban ne, akwai harafin L da R a jikinsu, na ciki kuwa duk ɗaya ne. Na sayi na waje biyu, na ciki biyu, dogayen robobi biyu da abin ɗaure su, da giris. Na tabbatar kowane na ciki ya zo da sabuwar washarsa, na waje kuma da noti da fil.

Na fara da sassafe kafin rana ta yi zafi, a kan simintin ƙofar gida inda ƙasa take a daidaice. Na miƙar da sitiyari sak, na ɗaure shi da igiya a jikin kujera don kada ya juya. Na ja hambirki, na sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. Na sassauta notunan taya tun tana ƙasa da sifana mai lamba 21, sannan na ɗaga. Maganar Baba ta jek gaskiya ce da ba ta buƙatar gardama. Jek ɗin da ke zuwa da mota don canjin taya aka yi shi, kuma aikin tayarod aikin duka ne da ja da ƙarfi, mota tana jijjiga. Na sa ƙafafun ƙarfe biyu da ake tokare mota da su, a wurin da ƙarfen gindinta yake da ƙwari. Bulon siminti da ake yawan gani a ƙarƙashin motoci a bakin titi ba abin yarda ba ne, yana iya rugujewa farat ɗaya ba gargaɗi. Tayar da na cire ma na tura ta ƙarƙashin motar, ko da wani abu zai faru.

Na goge wurin da buroshin waya, na fesa WD-40, man sassauta tsatsa, a notuna na bar shi ya jiƙa. Kafin na ɗora sifana a kan komai, na ɗauko tef na auna daga bakin doguwar robar, inda take ɗaure a jikin rak, zuwa tsakiyar gaɓar waje, na rubuta a takarda. Na ƙirga haƙoran da suka rage a fili bayan notin da ke kulle na waje da na ciki, shi ma na rubuta. Na ɗauki hoto da waya. Dalilin wannan takatsantsan shi ne, tsawon tayarod shi ke yanke inda taya za ta fuskanta. Zagaye ɗaya na waɗannan haƙora milimita ɗaya da rabi ne, amma kafin ya isa bakin taya ya ninka sau da yawa.

Notin kullewa shi ake fara sassautawa, tun tayarod na riƙe a jikin nokul, domin idan an riga an cire shi babu abin da zai tare maka shi ka murɗa. Nawa ya kafe da tsatsa. Na riƙe na wajen da sifana ɗaya, na sa wata a notin na zura mata bututun ƙarfe don ƙarin tsawo, na danna a hankali har ya yi ƙara ya saki. Ban matsar da shi daga wurinsa ba, rabin zagaye kawai na ba shi. Sai na koma kan ƙusar da ta ratsa nokul. Notinta mai tsaga-tsaga ne a ka, da ɗan fil mai ƙafa biyu da ya ratsa ta cikinsa. Na miƙar da ƙafafun da filaya na zare shi, na kwance notin amma ban cire shi gaba ɗaya ba, na bar shi a bakin ƙusar.

A nan ne aikin ke gwada haƙurin mutum. Ƙusar tana da siffar tsini, ramin da take zaune shi ma haka, shekara da shekaru sun manne. Hannu ba ya fitar da ita. Wanda bai sani ba sai ya hau dukan kan ƙusar da guduma, ya lotsa ta, ta ƙara cijewa. Gefen nokul ɗin ake duka, daidai inda ƙusar ta ratsa, duka gajere mai nauyi, jijjigar ita ke sa ramin ya sake ta. Na juya jikina yadda gudumar ba za ta kauce ta samu faifan birki ko tiyon man birki ba, na tokara wata gudumar a ɗaya gefen, na riƙa bugawa. Na ɗan jima ba alamar komai, har ƙanena ya ce, "Yaya, ko in kira Baba?" Sai kawai muka ji ɗas, ƙusar ta faɗo ta tsaya a kan notin da na bari. Amfanin barinsa ke nan, ba don shi ba da sandar ta fizgo ta bugi hannu.

Na murɗe na wajen ina ƙirga zagaye da ƙarfi, ƙanena na sa layi a takarda. Da ya fita na riƙe shi a hannu, ƙusarsa tana faɗuwa duk inda na karkata shi, kuma ina iya ja da tura ta ciki da waje. Ganin haka jikina ya yi sanyi. Idan gaɓar nan ta fice daga gidanta mota na gudu, tayar ba ta da sauran alaƙa da sitiyari, inda ta ga dama za ta juya. A wannan motar nake kai yara makaranta.

Na cire notin kullewa, na yanke ɗaurin doguwar robar na zare ta. Gaɓar ciki ta bayyana, ɗaure a bakin rak. Toyota na sa wata washa a tsakaninsu wadda ake lanƙwasa gefenta a kan gaɓar don kada ta warware. Na kwance igiyar sitiyari na murɗa shi har rak ya leƙo waje ta ɓangaren da nake aiki, na sa sukudireba da 'yar guduma na miƙar da washar a hankali. Abin kiyayewa a nan shi ne kada ƙarfin murɗawa ya tafi cikin rak, domin haƙoransa na cikin haƙoran ɗan ƙarfen da ke tura shi, kuma ba a yi su don ɗaukar irin wannan nauyi ba. Na sa ƙanena ya riƙe rak da sifana, nesa da santsin jikinsa da ke shiga cikin mai, domin ƙarzane ɗaya a nan ya isa ya jawo yoyo. Ni kuma na kama gaɓar da babbar sifana mai daidaitawa. Wurin matsattse ne, sifanar ba ta samun juyi sai kaɗan-kaɗan, haɓata a jikin ƙarfe, gumi na shiga ido. Da ya saki sau ɗaya, sauran da hannu na ƙarasa.

Na jera tsoho da sabo a ƙasa gefe da gefe. Na ciki tsawonsu ɗaya. Na waje kuwa sabon ya ɗan ɗara tsohon, abin da ido ba zai lura da shi ba sai an jera su. Wannan ya nuna ƙirgen zagaye kaɗai ba zai wadatar ba, awon tef ɗin nan shi ne madogara.

Ɗaurawa ta fi kwancewa daɗi. Na goge bakin rak tas, na sa sabuwar washa, 'yan haƙoranta suka zauna a tsagar da aka yi musu. Na ɗaura na ciki da hannu tukuna don in tabbatar ya hau daidai, sannan na ƙarfafa shi da sifana, rak na riƙe, na lanƙwasa washar a kansa. Na shafa giris a gaɓar, na ɗan shafa kaɗan a inda ƙaramin bakin robar zai zauna, don mai alaimen ya iya juya sandar ba tare da robar ta murɗe ba. Na zura robar, na tabbatar babban bakinta ya shiga gurbinsa ko'ina, har ta bayan da ido ba ya gani, na ɗaure. Mutane da yawa suna raina wannan roba, har a ɗaure ta da waya ko a bar ta a yage, alhali ita ke tsare rak ɗin da ake jin tsoron kuɗinsa.

Na mayar da sitiyari tsakiya na sake ɗaure shi. Noti ya hau, na waje ya biyo, na murɗa adadin zagayen da muka rubuta, sannan na gyara da tef har awon ya zo daidai da na farko. Na goge ramin nokul, ba giris ba mai, domin a bushe ake son tsinin ya kama. Da na fara ɗaure notin sai ƙusar ta riƙa juyawa tare da shi. Maganinta a danna gaɓar cikin ramin da ƙarfi, sai na sa ƙanena ya matse ta da dogon ƙarfe har ta cije. Littafin gyaran motar ya ce a ɗaure wannan noti zuwa 49 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, na saita sifanar Baba a nan har ta yi ƙas. Tsagar notin ba ta zo daidai da hudar fil ba, saura ƙiris. A irin wannan ƙara ɗaurewa ake yi har su haɗu, ba a sassautawa. Na zura sabon fil na buɗe ƙafafunsa. Kada a mayar da tsohon, kuma kada a sa ƙusar kafinta a madadinsa, kamar yadda na taɓa gani a wata motar haya. Daga nan na ƙarfafa notin kullewa.

Ɓangaren dama bai ɗauki rabin lokacin na hagu ba, hannu ya riga ya san hanya. Na mayar da tayoyi, na sauke motar, na ɗaure notunansu a tsallake, wannan sannan na daura da shi, zuwa 103 a sifana mai awo.

Kafin na hau titi na gangara da motar gaba da baya don ta zauna da nauyinta, sannan muka auna tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu ta gabansu da ta bayansu, a layi ɗaya na zanen taya. A Corolla ana son awon biyu su zo kusan ɗaya. Namu ya bambanta da 'yan milimitoci, abin da zai kai ni wurin alaimen lafiya amma ba abin da za a zauna a kai ba. Duk iya ƙoƙarin mutum da tef, ba zai kamo abin da na'ura ke gani ba, kuma 'yar karkatar da ba a ji a hannu ita ke cinye taya cikin watanni. Wanda ya yi wannan aiki ya ƙi zuwa alaimen don tsimin kuɗi, zai biya su ninki a wurin mai taya.

Na tafi a hankali, ba tare da iyali a ciki ba. A can na sa aka fara daidaita iskar tayoyi, na kuma roƙi yaron da ke aikin ya kulle sitiyari a miƙe kafin ya fara, ya gyara ta ɓangarorin biyu. Wasu ɓangare ɗaya suke juyawa don sauri, na'ura ta nuna daidai, amma ka fito ka tarar sitiyari a karkace. Na tsaya a kansa har ya ɗaure notunan kullewa, na leƙa na ga robobin ba su murɗe ba.

A hanyar dawowa na bi ta gargadar da ta saba tona ƙarar, ban ji komai ba. Sitiyarin ya yi ɗan nauyi mai daɗi, da na taɓa shi motar take amsawa. Na mayar wa Baba sifanarsa, ya sa na ɗaga masa motar ya girgiza tayoyin da kansa, ya leƙa fil ɗin duka biyu kafin ya ce madalla. Tayar da ta cinye na canza ta, domin alaimen ba ya mayar da robar da ta riga ta tafi. Bayan mako guda na sake ɗaga motar na bi notunan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya motsa. A wannan dubawar ce na lura bushin, wato robar da ke cikin hannun ƙasa na hagu, ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota, ya fara tsagewa. Shi fitar da shi sai da injin matsa, wanda ba ni da shi, don haka zan kwance hannun a gida in kai wa masu injin su cire tsohon su dasa sabo.